Tukunyar da Ba Ta Ruri

Aikin yini guda Gwanki yake bin Mai Leƙe. Ranar da babbar 'yar Mai Leƙe ta zo haihuwa, abin ya yi tsanani har aka shiga da ita ɗakin tiyata, Gwanki ne ya karɓar masa aikinsa a masana'antar taki, ya ce, "Je ka, mutumina, sai na nema." A wurinsu irin wannan bashin ba a rubuta shi, ba a kuma yafe shi. Mai bi shi ke zaɓar ranar biya, in ya zaɓa kuwa ba ka da bakin cewa yau gwiwa ta tashi. To jaririn har ya fara rarrafe Gwanki bai ce uffan ba. Inna ce, uwar Mai Leƙe, ba ta bar maganar ta kwanta ba.

"Mutumin nan har yau bai nemi yininsa ba?"

"Bai nema ba, Inna."

"To ajiye shi yake yi. Ranar da ta fi kowace muni yake jira, za ka ce na faɗa maka."

Shi Mai Leƙe tun yana saurayi yake aikin tsohon tanderu. Gini ne dogo kamar bene, cikinsa bututun ƙarfe a jere, kowane bututu cike da wasu 'yan ƙwayoyi da ma'aikata ke kira tsakuwa. Gas da tururi ke bi ta kan tsakuwar, in ta yi zafi yadda ake so sai ta fasa su, iskar da ake yin taki da ita ta fito. Zafin kuwa wutar gas ce ke kawo shi, mai ruri dama da hagu, wadda in kana kusa da ita sai ka yi ihu kafin na gefenka ya ji ka. Aikinsa shi ne ya hau matakala, ya buɗe 'yan ƙofofin da ke jikin bango, ya leƙa ya ga launin bututun. Nan ya samo sunan, nan kuma gashin girarsa ya tafi bai dawo ba. Da kunne da fata ya san tanderun nan. Tun daga ƙofar masana'anta zai gaya maka ko wuta lafiya take, in kuwa ya kai bayan hannunsa kusa da bango ya san wane murhu ne ke wasa da aiki.

Sai kamfani ya kawo sabon abu, ma'aikata suka sa masa suna Tukunya. Tsakuwar dai ita ce, gas da tururin ma su ne, amma lantarki ne ke gasa ta daga ciki, yadda hita ke tafasa ruwa. Lantarkin kuma daga farantan sola yake zuwa, waɗanda aka shimfiɗa bayan katanga, da wasu manyan fankoki da iska ke juyawa a kan tudu. Ba harshen wuta, ba hayaƙi, ba ruri. Girmanta bai wuce na tankin ruwa ba, kuma ko ƙofar leƙe ɗaya babu a jikinta.

Aka ce ƙarshen shekara za a kashe tsohon tanderu. Wanda Injiniya ta yarda da shi zai koma Tukunya, wanda ba ta yarda da shi ba a sallame shi, kuma wanda aka sallama sai ya bar gidan ma'aikata. Ɗaki uku ne da tsakar gida, a nan Inna take, a nan matarsa da ƙananan yaransa suke, har da bishiyar lemo da shi ya dasa ta da hannunsa. Injiniyar kuwa mace ce siririya, sa'ar babbar 'yarsa, ba ta da hayaniya. Sharaɗinta ɗaya ne, ba za ta yarda da mutumin da ba ta ga ya zauna yini guda a gaban Tukunya ba.

Mai Leƙe ya je ajin koyarwa, ya zauna can baya yana gyaɗa kai. Amma duk lokacin da aka ce a zo a zauna gaban Tukunya sai wani abu ya taso, yau gwiwa, gobe tanderu na buƙatar ido. Gwanki, wanda ya girme shi ma, tuni ya zauna ya wuce wurin.

Ran nan da yamma sai ga Gwanki ya yi sallama, ya cika ƙofar gida da jikinsa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya karɓi ruwa ya sha, sannan ya juya.

"Mutumina, gobe nake so. Surukina zan kai asibitin ido."

"Goben a ina kake?"

"Ka sani mana. Tukunya."

Mai Leƙe ya buɗe baki ya dubi gwiwarsa. Inna na zaune kan tabarma tana tsince wake, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Gwiwar nan ta kai ka asibiti da gudu ranar da 'yarka ke kan gado," in ji ta. "Za ta kai ka Tukunya. Je ka, Gwanki, gobe zai biya ka."

Da safe ya shiga ɗakin lura da na'urori, ɗaki mai sanyi kamar cikin firji, allunan kwamfuta a jere, kujeru masu taya. Shi da ya saba zufa na bin bayansa, sai ya ji hannayensa sun rasa inda za su zauna. Injiniya ta jawo masa kujera.

"Baba Mai Leƙe, yau dai Allah ya kawo ka."

"Bashi ya kawo ni, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya, ta nuna masa allo. Ga zafin tsakuwa a nan, ga gas, ga tururi. Ga lantarkin da rana ke bayarwa, ga na iska, ga wanda aka tara a batura. In hadari ya rufe rana, in ji ta, Tukunya da kanta take rage gas ta daidaita da wutar da ake da ita, kuma za ta yi ɗan ƙara don mutum ya sani. Ya ce ya gane. Duk ya ji wannan a aji, kansa ya ɗauka tsaf.

Har rana ta take ba abin da ya faru. Lambobi na motsi kaɗan-kaɗan, shi yana kallo, yana hamma yana ɓoyewa. Can aka kira Injiniya a oba-oba, 'yar rediyon da ma'aikata ke kiran juna da ita, wai wani famfo na yoyo a ɗaya ɓangaren. Ta miƙe ta ɗauki hular kwanonta.

"Yanzu zan dawo, Baba. Kada ka taɓa komai. In ta yi kuka, ga oba-oba nan, kira ni kawai."

Ba ta jima da fita ba hasken taga ya dushe. Hadari ne ya taso baƙi ƙirin daga bayan tudu, iska mai sanyi ta biyo shi. Sai allo ya fara ƙyas-ƙyas, wani abu ya shiga ƙara, tit, tit, tit. Mai Leƙe ya duba, layin rana ya faɗi ƙasa, lambar gas na sauka. Ya kasa kunne ya ji wuta, bai ji komai ba. Shiru kamar maƙabarta.

A tsohon tanderu shiru abu ɗaya yake nufi, wuta ta mutu. In kuwa wuta ta mutu gas na ci gaba da bi ta kan tsakuwa mai sanyi, baƙin gawayi zai lulluɓe ta, ta lalace, sai an kwashe an zuba sabuwa, kuɗinta kuma ya fi na gidajen layinsu in an haɗa. Ƙafafunsa ba su yi shawara da shi ba. Ya bar oba-oba a kan tebur, ya bar lambar zafi tana kallonsa a allo bai ko dube ta ba, ya fita da gudu, gwiwar ma ta manta da kanta.

Ya isa gindin Tukunya yana haki. Idonsa ya nemi ƙofar leƙe, babu. Ya kai bayan hannu kusa da jikinta, bai ji hucin komai ba. Ya ɗora tafin hannu gaba ɗaya a kan ƙarfen. Sanyi, kamar jikin randa. Yayyafi ma ya fara sauka a kanta ko tururi bai tashi ba.

"Inna lillahi, ta mutu!"

Jan maɓalli na nan a jikin ginshiƙi, ƙarƙashin murfi. Ya ɗaga murfin ya danna da iya ƙarfinsa. Bawul ɗin gas ya rufe da ƙara, jiniya ta ɗauka, duk masana'anta ta ji. Ya zagaya da gudu ya duba bututun tururi, ya tarar yana tafiya, ya ce to alhamdu lillahi, ko ba komai ya ceci tsakuwa.

Da wannan ƙarfin gwiwa ya koma ɗaki, rigarsa a jiƙe. Ya tsaya gaban allo. Lambar zafi na nan inda ya bar ta tun safe, ɗari takwas da 'yan kai, yanzu ne ma ta fara sauka saboda shi. Layin iska ya haura sama, fankokin tudu sun karɓi aikin rana, batura a cike. Tukunya ba ta mutu ba, lafiyarta lau, shi ne ya kashe ta.

Sai abin da aka faɗa a aji ya dawo masa, da muryar Injiniya da komai. Zafin duk a ciki yake, an naɗe ta da abin da ke hana shi fita, shi ya sa bayanta ba ya ƙona hannu. Ya gyaɗa kai ranar, ya tuna sarai ya gyaɗa kai.

Ya zauna, kujerar ta gangara da shi baya. Ya san abin da ake nufi da kashe tanderu ba dalili. Kwanaki ake yi ana lallashinsa kafin ya dawo, ana ƙara wuta kaɗan-kaɗan don kada bututu ya tsage, ana ƙona gas a banza, taki ba ya fita, manaja na yawo da fuska kamar an yi masa rasuwa. Ya taɓa ganin an yi, wani abokin aikinsu ne ya yi tun suna samari, kuma mutumin bai ga ƙarshen watan a wurin ba. Ya hango motar kaya a ƙofar gida, ana ɗora gadon Inna, ya hango lemon da ba ya ciruwa.

Injiniya ta shigo da gudu, ruwa na zuba daga hularta. Ba ta dube shi ba, allo ta nufa. Ta duba nan, ta duba can, ta kira wani a oba-oba ya leƙo mata bawul, ta kashe jiniya. Sannan ta juyo.

"Wa ya danna?"

"Ni ne."

"Me ka gani?"

"Ban ga komai ba. Ji na yi shiru, na je na taɓa ta, na ji sanyi."

"Ka taɓa ta." Ta dube shi, ta dubi hannunsa. "Da hannu."

"Da hannu, ranki ya daɗe. Amma na duba tururi, yana tafiya."

"Ita ke barin tururi da kanta, Baba, ko ba ka je ba."

Wannan ɗan abin da ya riƙe ma ya kuɓuce masa. Ya sunkuyar da kai yana jiran ta ce ya tattara nasa ya nasa. Wayar tebur ta yi ƙara, ta ɗauka, ya ji muryar manaja na fita har inda yake zaune.

"E, yallaɓai, an tsayar da ita," in ji ta. "A'a, ba abin da ya lalace. Kuskure ne, zan kawo bayani. Kafin ka gama cin abincinka mun dawo."

Mai Leƙe ya ɗaga kai. Ya zaci ƙarya take yi wa manaja don ta rufa masa asiri, har ya ji tausayinta, yarinya za ta jawo wa kanta.

"Ranki ya daɗe, kada ki ɗauki laifina a kanki. Wane abinci? Kwana nawa za a yi kafin ta tashi?"

"Wane kwana? Matso da kujerarka. Kai ka kashe ta, kai za ka tashe ta."

Ya matso. Ta tsaya a bayansa ta harɗe hannu, ba ta taɓa komai ba, baki kawai. Duba tururi a allo, ka faɗa mini lambar. Ya faɗa. Duba wutar da iska ke bayarwa, ta isa? Ta isa. To ba ta wuta. Ya danna. Ya kasa kunne bisa sabo, ta ce, "Ba kunne ba, Baba, ido, ga shi nan." Lambar zafi ta tsaya da sauka, ta yi jim, ta fara hawa. Hawa kuwa ba irin na tanderu ba da sai ka yi sallah ka dawo ka ga ya ɗan motsa. Wannan yana kallo tana tafiya, kamar mitar mota a kan kwalta.

"Kai!" in ji shi. "Ba za ta tsage ba?"

"An yi ta ne don haka. Rana na fita tana shiga, iska na tashi tana kwanciya, in ba ta iya tashi da sauri ba ai ba ta da amfani a nan. Yanzu buɗe gas, kaɗan, kada ka yi mata ɗura."

Ya buɗe kaɗan. Ya jira, ta ce ƙara, ya ƙara. Daga ɗakin gwaji aka kira aka ce iskar da ke fita ta yi kyau, tsakuwa ba ta ji komai ba. Ruwan sama bai ma gama ɗaukewa ba komai ya koma inda yake da safe. Mai Leƙe ya jingina da kujera, ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa har tafin ƙafa. Dariya ta ƙwace masa, ya rufe baki, ta ƙi tsayawa, har hawaye.

"Shi ke nan? Wallahi shi ke nan?"

"Shi ke nan ga Tukunya. Kai da saura." Ta zauna a kujerar gefe ta cire hula. "Zan gaya wa manaja yadda aka yi, ba ƙari ba ragi, da sunanka. Na ce ka kira ni ba ka kira ba, wannan laifi ne, za ka ji faɗa a kansa."

"Na cancanta."

"Amma mutumin da ya ga kamar tsakuwa za ta lalace ya ruga wajenta, zan iya koya masa kallon allo. Wanda zai zauna yana jiran wani ya zo shi ne ban san yadda zan yi da shi ba. Mako mai zuwa kullum nan za ka zo, kusa da ni. In na ga hannun nan ya koyi zama a aljihu, ka zama namu."

"Ko ɗaure shi kike so a yi, sai a ɗaure."

"A'a, bar shi, da shi za ka sayo mini shayi. Abincina ya huce saboda kai."

Ya je ya sayo, har da burodi. Ya ƙarasa yinin a kujerar. Hadari ya sake tasowa kafin la'asar, abin ya sake yin tit, tit, tit, ya ji ƙafafunsa na neman tashi, ya danne su da hannu biyu, ya karanta lambar zafi da ƙarfi kamar ɗan makaranta. Injiniya dai shayinta take sha.

Labari ya riga shi isa gida. Da ya shigo Gwanki na zaune a tsakar gida ya baje, ya dawo daga asibiti, matar gidan na dariya a bakin madafa, yara na leƙe.

"Ga likitan Tukunya nan!" in ji Gwanki. "An ce taɓa goshinta ka yi ka ji ko zazzaɓi ya sauka."

"Bar ni, don Allah."

"Ina zan bar ka? Yini cikakke na yi maka, wuta ba ta ko yi tari ba. Kai kuwa ka tsayar mini da aiki a tsakiyar rana. Ai wannan biyan da giɓi, Inna, ko ba haka ba? A ƙaro mini rabin yini."

Inna ta ajiye carbinta. Ɗanta ta fara duba, tun daga kai har ƙafa.

"Sun kore ka?"

"A'a, Inna. Mako mai zuwa ma can zan koma, ta ce za ta koya mini."

"Gidan fa?"

"Muna nan."

Ta yi ajiyar zuciya doguwa, ta shafa fuska da hannu biyu. Sannan ta juya wajen Gwanki.

"Da wane lokaci ya shiga?"

"Da safe."

"Ya fito kafin a tashi?"

"A'a, sai da aka tashi."

"An yanke maka wani abu a albashinka?"

"To, ba a yanke ba."

"To yini ka ba shi, yini ya ba ka, abin da ya yi a ciki tsakaninsa da masu tukunya ne. An biya ka, Gwanki, kada in sake jin maganar. Ku kawo masa abinci ya ci ya tafi, surukinsa na jira."